Kamun kifi da ƙwaron ƙarya: Ko dabarar za ta karɓu a ruwayen Katsina?

A ƙasashe da dama na duniya, masu kamun kifi da fatsa sun daɗe da rage dogaro da tana ko fara, inda sukan ɗaura gashin tsuntsu a jikin ƙugiya su mayar da shi tamkar ƙwaro. Dabarar baƙuwa ce a ƙauyukan tsakiyar jihar Katsina, amma kusan duk kayan da take buƙata akwai su a can.

Idan ruwan fari ya sauka a yankin Fakuwa da ke ƙaramar hukumar Kankiya, da ƙauyukan maƙwabciyarta Kusada, shinge yakan fito daga suri ya cika sararin sama da maraice.

Wanda ya faɗa kan ruwa ba ya daɗewa. Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin tafki ko madatsar ruwa a irin wannan lokaci ya ga yadda kifi ke tasowa daga ƙasa yana cafke shi.

A kan wannan ɗabi'a ta kifi ce aka gina dabarar kamun kifi da ƙwaron ƙarya. Tun da kifi na kai wa abin da ya yi kama da ƙwaro cafka, ba lallai ba ne a ba shi ƙwaro na gaske.

Mene ne ƙwaron ƙarya?

Ƙugiya ce ta fatsa da ake naɗe wa zare, sannan a ɗaura mata gashin tsuntsu ko na dabba, har ta ɗauki siffar wani abu da kifi ke ci.

Akwai wanda ake yi da gashi mai tauri domin ya tsaya a saman ruwa kamar ƙwaron da ya faɗo. Akwai mai nutsewa sannu a hankali, wanda ke kwaikwayon tsutsar ƙwarin da ke girma a cikin ruwa. Akwai kuma dogo mai sheƙi, wanda idan ana jan sa yakan yi kama da ɗan ƙaramin kifi yana gudu.

Bambancinsa da koto na gaske shi ne ba ya wari, ba ya da ɗanɗano, kuma ba ya motsi sai an motsa shi. Da ido kawai yake yaudarar kifi.

Dabarar tsohuwa ce. Kimanin shekara ta 200 miladiyya, wani marubucin Rum mai suna Claudius Aelianus ya bayyana yadda mutanen Makidoniya ke naɗa jan ulu a ƙugiya su haɗa da gashin zakara biyu suna kama kifi a wani kogi.

A shekarar 1496 kuma an buga wani littafi a Ingila da ya ƙunshi bayanin irin waɗannan ƙwari guda 12, da watannin da kowanne ya dace da su. A ƙasar Japan ma mazauna tsaunuka sun daɗe suna yin irin wannan su da doguwar sandar gora.

Matsalar nauyi

Babbar matsalar ƙwaron ƙarya ita ce rashin nauyi, domin galibinsu ba su kai giram 1 ba. Duk wanda ya taɓa ƙoƙarin jefa gashin kaza ya san ba ya zuwa ko'ina, komai ƙarfin mai jifa.

Turawa sun warware wannan matsala ta hanyar sanya nauyin a jikin igiyar. Suna amfani da igiya mai kauri da sanda mai lanƙwasa, a riƙa kaɗa igiyar gaba da baya a sama kamar bulala har ta miƙe ta kai ƙwaron inda ake so.

Sai dai wannan hanya na buƙatar kaya na musamman masu tsada, da horo na tsawon lokaci, da kuma fili a bayan mai jifa, don kada igiyar ta maƙale a bishiya ko ciyawa.

Hakan ne ya sa wasu suka koma ga sandar fatsa ta gama-gari, wadda ke da na'urar naɗe zare a gindinta. A irin wannan sanda zaren siriri ne, kuma nauyin abin da aka ɗaura a bakinsa ne ke jan sa idan an yi jifa.

Wato dai a nan dole ne a samar wa ƙwaron abokin tafiya mai nauyi, kamar yadda gashin kaza zai yi nisa idan aka ɗaure shi da tsakuwa.

Na'urori iri biyu

Na'urorin naɗe zaren da aka fi amfani da su iri biyu ne, kuma bambancinsu yana ga ƙwarƙwaron da zaren ke naɗe a kai.

A iri na farko, ƙwarƙwaron ba ya juyawa lokacin jifa. Zaren ne ke warwarewa ta bakinsa, kamar yadda yake fita daga ƙwarƙwaron masaƙi. Wani mai masaƙa a birnin Bradford na Ingila, Alfred Illingworth, shi ne ya yi rajistar irin wannan na'ura a shekarar 1905.

Ta bazu a duniya bayan yaƙin duniya na biyu, musamman da fitowar samfurin Mitchell 300 na ƙasar Faransa a 1948, da kuma yaɗuwar zaren nailan da kamfanin DuPont na Amurka ya fara fitarwa a ƙarshen shekarun 1930.

Da yake babu abin da ke riƙe zaren, wannan na'ura na iya jefa abu mai nauyin giram kaɗan, kuma ita ce ta fi sauƙin koyo.

A iri na biyu kuwa, ƙwarƙwaron kansa ne ke juyawa yana sakin zare. Ana danganta bunƙasarsa da wani mai gyaran agogo a jihar Kentucky ta Amurka, George Snyder, a farkon ƙarni na 19.

Wannan na'ura tana da ƙarfin jan babban kifi, kuma gwani na iya saita jifa da ita sosai. Amma idan abin da aka jefa bai da nauyi, ko iska ta tare shi, ƙwarƙwaron yakan ci gaba da juyawa bayan zaren ya daina fita, sai ya cukurkuɗe kamar sheƙar tsuntsu.

Saboda haka mai amfani da ita yakan dafa ƙwarƙwaron da babban yatsa, kuma yakan buƙaci ƙarin nauyi fiye da mai amfani da ta farko.

Yadda ake haɗawa

Hanyar da ta fi shahara ita ce amfani da wata 'yar gorar roba garai-garai, mai girman ƙwan zabo ko ƙasa da haka, wadda ke da ƙofa da murfi.

Idan aka zuba mata ruwa zuwa rabi, takan yi nauyin da za a iya jefa ta nesa, amma iskar da ta rage a cikinta na hana ta nutsewa. Idan aka cika ta fal, sai ta riƙa nutsewa a hankali ta ja ƙwaron zuwa ƙasa.

Akan zura zaren ta cikin gorar, a ɗaura ɗan ƙarfe mai juyawa wanda ke tare ta kuma yake hana zaren murɗewa. Daga nan sai a ƙara wani zare da ya fi siranta, mai tsawon mita 1 zuwa 2, a ɗaura ƙwaron a ƙarshensa.

Dalilin wannan tazara shi ne faɗuwar gorar a ruwa na iya firgita kifi, don haka ana so ƙwaron ya sauka nesa da ita.

Wajen jifa, ba a fizga da ƙarfi. Akan lilo sandar ne a saki, sannan dab da gorar za ta taɓa ruwa a dafa zaren da yatsa. Hakan na sa ƙwaron ya wuce gaba ya miƙe, maimakon ya naɗe a jikin gorar.

Bayan haka sai a ɗan jira ruwan ya lafa, a fara naɗowa sannu sannu, ana yi ana tsayawa. Kuskuren da sababbin koyo suka fi yi shi ne gaggawa, domin ƙwaro na gaske ba ya keta ruwa da gudu.

Da zarar gorar ta girgiza ko ta yi gefe, sai a ɗaga sandar nan take. Kifi ba ya daɗewa da ƙwaron ƙarya a bakinsa, yana jin ba abinci ba ne zai tofar.

Hanya ta biyu ita ce a maƙala 'yar dalma kimanin rabin mita a saman ƙwaron, domin kai shi ga kifin da ke kwance a ƙasa.

Ta uku kuma ita ce a jera ƙwari biyu ko fiye a jikin zaren, a sa nauyin a can ƙarshe. Da irin wannan jeri na gashin tsuntsu ne masu fatsa a gaɓar tekun Turai ke kama kifin nan da ake sayarwa a daskare a kasuwannin Najeriya da sunan taitus.

Wanda ba shi da halin sayen na'ura ma bai rasa mafita ba. A ƙasashen Latin Amurka masu fatsa kan naɗe zaren a jikin gwangwani ko kwalba, su wulwula nauyin su saki, zaren ya warware ta bakin gwangwanin kamar yadda yake yi a na'urar Illingworth.

Wane kifi ne ke ruɗuwa?

Ba kowane kifi ne ƙwaron ƙarya ke yaudara ba, kuma a nan ne yanayin ruwayen Katsina ke da muhimmanci.

Kifayen da suka fi yawa a tafkuna da madatsun jihar su ne tarwaɗa da karfasa.

Tarwaɗa da gashin bakinta take laluben abinci, ta hanyar taɓawa da ɗanɗano, kuma ta fi kiwo da dare ko a cikin ruwa mai laka. Don haka tana da hanjin kaza sun fi tasiri a kanta. Amma a lokacin shinge ita ma takan taso sama, kuma a irin wannan rana tana iya kai wa ƙwaron ƙarya cafka.

Karfasa kuwa gansakuka da ganyayen ruwa ne yawancin abincinta idan ta girma, ko da yake ba ta ƙin ƙananan ƙwari da tsutsotsi. Bakinta ƙarami ne, saboda haka sai da ƙaramar ƙugiya da siririn zare.

Kawara, a inda ake samun ta, ita ce ta fi dacewa da wannan dabara, domin a garke take yawo kusa da saman ruwa tana farautar ƙwari.

Manyan mafarauta irin su tsage da giwan ruwa sun fi yawa ne a manyan ruwaye kamar kogin Neja da Binuwai da tafkin Kainji. Su dogon ƙwaro mai kama da ɗan kifi ake jefa musu. Haƙoran tsage na datse nailan, don haka akan sa 'yar waya a gaban ƙugiyar.

A 'yan shekarun nan baƙi daga Turai da Afirka ta Kudu na biyan maƙudan kuɗi su je kogin Faro da ke arewacin Kamaru, wanda ke zuba a Binuwai, domin kama giwan ruwa da ƙwaron ƙarya.

Lokaci ma yana da tasiri. A tsakiyar damina, daga Yuli zuwa Satumba, ruwan da ke gangarowa daga gonaki yakan yi ja da laka, kifi ba ya gani sosai. Bayan kaka, idan lakar ta kwanta ruwa ya washe, a lokacin ne ƙwaron ya fi aiki, musamman da sassafe da kuma dab da faɗuwar rana.

Halin da su ke ciki

Yankin Kankiya da Kusada ba shi da babban kogin da ke gudana duk shekara. Rafuka kan cika da damina su ƙafe da rani, su bar kududdufai da fadamu, inda gaiwa ke binne kanta a cikin laka har ruwa ya dawo.

Don haka su na gaske a madatsun ruwa ake yin sa. Ɗaya daga cikin mafiya girma a jihar ita ce madatsar Zobe da ke kusa da Dutsinma, a kan kogin Karaduwa, wadda aka kammala a 1983. Akwai kuma ta Jibiya da ta Ajiwa da ta Mairuwa a yankin Funtuwa.

Masunta a waɗannan wurare na aiki ne da kalli da birgi da taru da mamari da kuma gurar mali, kuma akasari a ƙarƙashin jagorancin Sarkin Ruwa.

Koken da aka daɗe ana ji daga ruwayen arewacin Najeriya shi ne kifi na raguwa, wanda ake samu kuma yana ƙanƙancewa. Daga cikin dalilan akwai yashi da laka da ke cike madatsun, da yawan masu kamu, da kuma amfani da raga mai ƙananan idanu, har da gidan sauro, wanda ke kwashe 'ya'yan kifi kafin su isa yin ƙwai.

Akwai kuma masu zuba guba. Maganin ƙwarin nan Gamalin 20 ya yi ƙaurin suna a wannan fanni, kuma a 2009 aka sanya sinadarin da ke cikinsa a jerin waɗanda yarjejeniyar Stockholm ta haramta.

Dokar kamun kifi a ruwayen cikin ƙasa ta 1992 ta hana amfani da guba da nakiya da wutar lantarki, ta kuma ƙayyade cewa idon raga kada ya gaza milimita 76, wato inci 3, in ban da wasu keɓaɓɓun nau'o'i. Aiwatar da dokar dai shi ne ya kasance jan aiki.

Duk wannan na faruwa ne a ƙasar da alƙaluman da gwamnatin tarayya ta sha bayarwa ke nuna tana buƙatar kifi kimanin tan miliyan 3.6 a shekara, amma abin da take samarwa ya gaza hakan nesa ba kusa ba.

Amfani da iyaka

Ƙwaron ƙarya ba zai cike wannan giɓi ba. Kifi ɗai-ɗai yake kamawa, kuma magidancin da ke ciyar da iyali da su ba zai ajiye kalli ya rungumi sanda ba.

Amma yana da nasa amfanin. Na farko, girman ƙugiya na zaɓar girman kifi, kuma da yake kifi ba ya haɗiye ƙwaron, a leɓe yakan kama shi. Ana iya cire ƙaramin kifi a mayar da shi ruwa da ransa.

Na biyu, ba ya ruɓewa kuma ba ya ƙarewa da kamu ɗaya. Da rani, lokacin da ƙasa ta bushe tana ta yi wuyar samu, ƙwaro guda na iya kama kifi da dama.

Na uku, daga bakin gaɓa ake jifa ba sai an shiga ruwa ba. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga yara, ganin cewa ta hanyar shiga ruwan da ke tsaye ne ake kamuwa da cutar tsargiya, ban da haɗarin nutsewa.

Ta ɓangaren kuɗi kuwa, sanda da na'ura daga waje ake shigo da su, kuma faɗuwar darajar naira tun daga 2023 ta ƙara musu tsada.

Akwai kuma haɗarin dalma. Masu fatsa kan matse ta a jikin zare da haƙori, alhali guba ce, musamman ga yara, kamar yadda annobar da ta hallaka ɗaruruwan yara a Zamfara a 2010 ta nuna. Birtaniya ta haramta yawancin ƙananan dalmar fatsa tun 1987, bayan da aka gano tsuntsayen ruwa na haɗiye su suna mutuwa. 'Yar gorar ruwa ba ta da wannan illa.

Kamu don abinci ko don nishaɗi?

A Amurka da Birtaniya, da yawa daga cikin masu wannan dabara don nishaɗi suke yi. Sukan kama kifi, su auna, su ɗauki hoto, su sake shi.

Wannan ɗabi'a ba ko'ina ta samu karɓuwa ba. A 2008 ƙasar Suwizalan ta kafa ƙa'idar da ta hana yin fatsa da niyyar sakin kifin, bisa hujjar cewa wahalar da dabba ce ba tare da dalili ba.

A fiƙihun Malikiyya da ake karantawa a arewacin Najeriya ma an bambance tsakanin biyun. Littafin Risala na Ibn Abi Zaid Alƙairawani, wanda ya rasu a shekara ta 996 miladiyya, ya sanya farautar da aka yi don wasa kawai a cikin abubuwan da aka karhanta, ya kuma halatta wadda aka yi don wata buƙata.

Mayar da ƙaramin kifi ruwa don ya girma ya hayayyafa kuwa wani batu ne daban, domin manufarsa tattalin abinci ce. Kuma tattalin ruwa ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. A Argungu, inda bikin kamun kifi ya samo asali a 1934, al'ada ta hana su a Matan Fada sai ranar biki, abin da ke ba kifi damar girma.

Gashin zabo

Wata fa'idar da ba a cika lura da ita ba tana ga ɗaurin ƙwaron kansa. Har yanzu da hannu ake yin sa, ɗaya bayan ɗaya.

Ƙasar Kenya, inda Turawan mulkin mallaka suka kai wani kifin ruwan sanyi a farkon ƙarni na 20 don su riƙa fatsarsa, a yau tana cikin manyan masu ɗaura irin waɗannan ƙwari ana fitarwa zuwa Turai da Amurka.

Daga cikin kayan da masu ɗaurin ke nema akwai gashin wuyan zakara da gashin zabo mai ɗige-ɗige. A ƙauyukan Kankiya da Kusada, idan aka fige zabo, iska ce ke kwashe gashin.

Ƙugiya da zaren ɗinki akwai su a kasuwannin yankin, haka ma hannayen da suka saba da aikin allura, irin na masu ɗinkin hula da dukawa.

Abin da ya rage shi ne sanin ruwan da sanin abin da kifinsa ke ci a kowane lokaci na shekara. Wannan ilimi kuwa yana hannun masunta da yaran da ke zama a bakin tafki, waɗanda suka riga suka san ranar da shinge ke fita da kuma gefen da kifi ke tasowa.